Wa za mu karrama: mai magana a gaban kamara ko mai riƙe da aji a ƙauye?

Sakataren ƙungiya (Tawa):
Assalamu alaikum, ƴan uwa malamai da iyayen yara. A zaman da kwamitinmu ya yi ranar Asabar da ta gabata, an amince cewa a ranar malamai ta duniya, 5 ga Oktoba, za mu karrama mutum uku daga cikin abokan aikinmu na jihar Tawa waɗanda suka yi fice wajen koyarwa daga nesa, musamman waɗanda suka shigo da darasin bidiyo kai tsaye a makarantunmu. Abin da ba mu daidaita a kansa ba shi ne ma'aunin zaɓe. Shawarar da ke gabanmu ita ce a duba yawan darussan da malami ya gabatar kai tsaye cikin shekarar karatu, da yawan makarantun da suka amfana, da kuma ko ya adana darussan domin wasu su kalla daga baya. Kafin mu rubuta wa hukumomin ilimi na jiha takarda, muna son jin ra'ayinku, kuma muna roƙon a tsaya kan wannan magana kaɗai.

Malamin fizik (lise, Tawa):
Wa alaikumus salam. Malam Sakatare, Allah ya saka da alheri, domin yabon gwani ya zama dole, kuma an daɗe ana jiran wannan. Ni ina goyon bayan ma'aunin kamar yadda aka kawo shi. Shekara biyu ke nan ina koyar da ƴan ajin ƙarshe na wani lise, wato babbar sakandare, da ke nesa da nan, wanda ya rasa malamin fizik, kuma ina yin haka ne kowace Laraba da yamma ta Zoom bayan na gama nawa azuzuwan. Wanda bai taɓa yi ba zai ɗauka cewa kunna waya ne kawai a yi ta magana. Ba haka ba ne. Zoom na kyauta yana yanke taro bayan minti 40, saboda haka dole in tsara darasin gida biyu, in san inda zan tsaya, in kuma rubuta komai da manyan haruffa a kan takarda tun da dare, tunda rubutun alli a kan allo ba ya fita da kyau a kamara. Ranar da zan nuna musu yadda ake haɗa batir da ƙwan fitila da abin auna ƙarfin wuta, sai da na maimaita aikin sau uku ni kaɗai a ɗaki domin in gano inda zan kafa wayar hannuna bai tare musu gani ba. Babu wanda ya biya ni kan wannan, kuma ban nema ba. Amma idan za a yaba, a yaba wa waɗanda suka yi, kuma hanya mafi adalci ita ce a ƙirga abin da kowa ya yi.

Malamin kwantaragi (wani ƙauye, yankin Keita):
Ina gaida manyana. Yaya malamin fizik, ba na rage maka komai daga aikinka, Allah ya sani. Sai dai ina jin tsoron kada wannan karramawa ta zama kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. Ku ba ni dama in faɗi abin da ke faruwa a ɗaya gefen wayar, inda darasin yake sauka.

A makarantarmu babu wutar lantarki. Wayar da ake kallon darasi da ita tawa ce, kuma ina kai ta caji wurin mai farantin hasken rana a bakin kasuwa, in biya. Kuɗin intanet daga ɗan abin da nake karɓa a wata yake fita, wanda kun san yadda yake zuwa da yadda yake jinkiri. Rezo ba ya shiga cikin aji, sai an hau tudun da ke bayan makaranta, saboda haka darasin kai tsaye ba ya yiwuwa a wurinmu sam. Abin da nake yi shi ne in hau tudun da asuba in sauke bidiyon da wani malami ya ɗora, in dawo in jingina wayar a kan bulo, in haɗa ta da ƴar lasifika, in kasa yara kashi uku su matso bi da bi. Kowane minti biyu sai na tsayar da bidiyon na maimaita da Hausa abin da aka faɗa da Faransanci, sannan in zana a allo abin da na baya ba su gani ba. Darasin minti goma sha biyar yakan cinye mini sa'a guda da rabi. To a ma'aunin da aka kawo, darussa nawa na gabatar kai tsaye? Ko ɗaya. Makarantu nawa suka amfana da ni? Ɗaya tak. Ke nan sunana ba zai ko shiga takarda ba, ni da ire-irena da ke Buza da Bagarwa da Illela.

Hajiya Darakta (koleji, Yamai):
Ƙanena na Keita, ka taɓo inda ke yi mini ƙaiƙayi. Ni ƴar Madawa ce, aiki ne ya ajiye ni a Yamai, kuma ko a nan babban birni na ga abin da kake faɗa. Ina so kwamiti ya lura da cewa ƙirga darussan kai tsaye, a zahiri, ƙirga wanda yake da wuta da rezo ne. Sa'a guda ta bidiyo kai tsaye tana iya cin rabin giga ko fiye, alhali saƙon murya na minti biyar a WhatsApp ƴan mega kaɗan ne, kuma yana jira a cikin waya har lokacin da rezo ya samu. Malamin da ya zaɓi saƙon murya ba ragwanci ya yi ba, lissafin aljihun iyaye ya yi.

Ku tuna abin da ya faru daga watan Agusta na 2023, lokacin da aka yanke wutar da ke zuwa mana daga Najeriya, wadda a lokacin ita ce kaso mafi girma na abin da ƙasar nan ta Nijar take amfani da shi. A makarantata muna da majigi da kwamfuta biyu, amma sun yi watanni a cikin kabad, domin ba ka san sa'ar da wuta za ta zo ba balle ka sa wa yara lokaci. Waɗanda suka ci gaba da aiki a lokacin su ne malaman da suka koma ɗaukar hoton darasi a takarda suna aikawa, suna bin sa da murya. Idan ma'auninmu bai ga waɗannan ba, to bai ga shekarar da aka fi bukatar koyarwa daga nesa ba.

Malamin fizik (lise, Tawa):
Hajiya, na ji, amma a yi mini adalci ni ma. An ce za a karrama masu yaɗa darasin bidiyo kai tsaye ne. Idan muka buɗe ƙofa ga duk wanda ya taɓa aika hoton darasi ta waya, to kusan kowane malami a jihar nan ya cancanta, kuma karramawar da kowa ya samu ba ta ƙarfafa kowa.

Tsohon Inspekta (mai ritaya, Tawa):
Ƴaƴana, na karanta duk abin da kuka rubuta, jikata ce take riƙe mini wayar tana ƙara girman rubutun. Ku yi haƙuri da tsoho, zan ɗan koma baya, domin wannan gardama da kuke yi ta girme ku duka.

Ƙasar nan tana cikin ƙasashen Afirka na farko da suka gwada koyarwa ta talabijin. An fara a 1964, shekara huɗu kacal bayan samun ƴancin kai, da taimakon Faransa. Ana shirya darussa a ɗakin ɗaukar hoto a Yamai, ana watsa su zuwa wasu azuzuwa da aka sa wa akwatin talabijin, kuma darussan gajeru ne, ana yin su da wasa da zane da ƴan kwaikwayo, har baƙi suna zuwa daga ƙasashen waje su ga abin mamaki. Abin da nake so ku riƙe shi ne wannan: a cikin kowane aji akwai mutum. Ba cikakkun malamai ba ne masu babbar takarda, samari ne da aka ba horo na ɗan lokaci, aikinsu su shirya yara kafin a kunna akwatin, sannan bayan an kashe su maimaita, su yi tambayoyi, su sa yara su yi aikin da hannunsu. Lokacin da na fara aiki na zauna da wasu daga cikinsu, na kuma ga yaran da suka fito daga hannunsu. Ajin da mai kula da shi yake da himma, yaransa suna magana da Faransanci ba tsoro. Ajin da mai kula da shi yake kunna akwati ya fita shan iska, yaransa sun kalli hoto ne kawai suka tashi. Darasi ɗaya aka watsa musu, a sa'a ɗaya, daga baki ɗaya.

Zuwa ƙarshen shekarun 1970 shirin ya tsaya, kayan aikinsa suka zama tushen talabijin ta ƙasa, wato Télé Sahel. Kwaddibuwa ma ta yi nata, wanda ya fi namu girma nesa ba kusa ba, daga Buwake ake watsa shi tun 1971, kuma ita ma ta rufe shi a farkon shekarun 1980 bayan iyaye da malamai sun yi ta kuka. Tun kafin talabijin ɗin ma, a 1962, an kafa ƙungiyoyin sauraron rediyo a ƙauyuka, inda mutane ke taruwa su ji shiri, wani ya jagoranci tattaunawa, a ɗauki muryoyinsu a mayar gidan rediyo. A nan ma, ƙauyen da ya sami jagora nagari shi ne ya amfana.

Yau in ka tambayi waɗanda suka san tarihin, za su iya kawo maka sunayen Turawan da suka tsara shirin talabijin ɗin, domin an rubuta su a littattafai. Samarin da suka tsaya a gaban yara cikin zafin Afrilu kuwa, ban san inda aka rubuta sunan ko ɗaya ba. Ni dai ba zan sa hannu a takardar da za ta maimaita wannan mantuwa ba. Ɗana malamin fizik, ba da kai nake faɗa ba. Ina tambayarka ne kawai: ranar Laraba idan ka kunna wayarka, wa yake buɗe ajin a can?

Malamin fizik (lise, Tawa):
Baba Inspekta, Allah ya ƙara girma. Malamin tarihi ne na makarantar, shi yake tara su, da wayarsa ake kallo, kuma shi yake karanto mini tambayoyinsu idan murya ta karye. Gaskiya ban taɓa tambayarsa wa yake saya masa mega ba, kuma na ji kunya da na karanta tambayarka. Amma zan tsaya kan abu guda, ko da za a ce na cika gardama. Akwai abin da darasin kai tsaye yake yi wanda bidiyon da aka adana ba zai taɓa yi ba. Wata rana ina bayanin faɗuwar abu daga sama, na ce nauyi ba ya canza saurin faɗuwa idan babu iska, sai wata yarinya daga can ta ce ba ta yarda ba, domin ta ga dutse yana riga ganye isa ƙasa. Nan take na ɗauki takarda biyu iri ɗaya, na dunƙule ɗaya na bar ɗaya a shimfiɗe, na sake su a gaban kamara, na tambaye ta wanne ya fi nauyi. Ta yi shiru, sannan na ji ajin ya ɗauki hayaniya. Wannan ba ya cikin shirin darasina, tambayarta ce ta haife shi. Idan muka ce duk hanyoyin ɗaya ne, za mu daina ƙoƙarin kai wa yaran ƙauye irin wannan, mu bar su da saƙon murya har abada, muna cewa da babu gara ba daɗi.

Uwar ɗalibai (unguwar Sabon Gari, Tawa):
Malamai, ku gafarce ni, ni ba malama ba ce, ina cikin kwamitin iyaye ne. Ina da ƴaƴa huɗu a lakwal, kuma waya ɗaya ce mai intanet a gidan, ta mahaifinsu, wanda yake fita da ita tun safe. Lokacin cutar korona, da aka rufe makarantu a watan Maris na 2020 har zuwa farkon Yuni, babbar ƴata tana shirin jarrabawar BEPC ta ƙarshen koleji. Wani malaminsu ya sa darasi kai tsaye da ƙarfe goma na safe, sau biyu kawai ta samu halarta, domin a lokacin wayar tana kasuwa. Wata malama kuma takan aiko da aiki da dare, ta ce a yi a kaye, wato littafin rubutu, a ɗauki hoto a mayar mata, kuma wallahi takan duba ta maido da gyara da jan biro, wani lokaci bayan sallar asuba. Ita ce ta riƙe yarinyar. Ina roƙon kwamiti, in za a zaɓa, a tambayi iyaye da yaran kansu, kuma a tambayi ƴan mata daban, domin yaro namiji yana iya zuwa gidan abokinsa da dare ya kalli darasi, mu kuwa ba ma barin ƴa mace ta fita bayan magariba saboda waya.

Malamar lissafi (koleji, Ƙonni):
Inna, kin faɗi abin da nake ta juyawa ban san yadda zan fara ba. Da yawa daga cikin malamai mata ba sa son fuskarsu ta yawata a bidiyo, wasu mazajensu ba su yarda ba, wasu kuma suna gudun a yanki hoton a yi wasa da shi. Ni kaina hannuna da takarda kawai nake ɗauka. Ma'aunin da ya tsaya kan tsayawa a gaban kamara zai fitar da maza uku, kowace shekara, ba tare da kowa ya yi niyyar haka ba.

Malamin jami'a (Yamai):
Ina gaida Baba Inspekta da sauran manya. Na koyar a jami'ar Djibo Hamani ta Tawa kafin in dawo Yamai, shi ya sa nake cikin wannan zaure. Zan kawo misalai biyu daga waje, ba don mu kwaikwaya ba, sai don mu ga abin da su ma suke dubawa.

Hukumar UNESCO tana da kyauta ta musamman kan amfani da fasahar sadarwa a ilimi, mai ɗauke da sunan sarkin Bahrain, Hamad bin Isa Al Khalifa, wadda aka kafa a 2005, kuma ana ba mutum biyu ko ƙungiya biyu dalar Amurka 25,000 kowanne. Ba na'ura ake ba kyautar ba, aikin da aka yi da ita ake dubawa, da waɗanda ya kai gare su. Na biyu shi ne Peter Tabichi, malamin kimiyya ɗan Kenya wanda ya ci kyautar malamin duniya ta dalar Amurka miliyan ɗaya a 2019. Makarantarsa tana ƙauye ne a yankin Nakuru, a lokacin kwamfuta ɗaya gare su, intanet ɗinsu ba ta da ƙarfi, kuma yakan je shagon intanet ya sauke darussa ya kawo wa yara su gani ba tare da rezo ba. Wato abin da ƙanenmu na Keita yake yi a kan tudu, shi ne aka ɗauki wani a jirgi zuwa Dubai aka karrama shi a kansa.

A jami'a mun daɗe da darasi daga nesa. Akwai cibiyar karatu ta intanet ta ƙungiyar jami'o'i masu amfani da Faransanci a jami'ar Abdou Moumouni, inda ɗalibai ke bin karatun jami'o'in waje suna zaune a Yamai, kuma duk wanda ya bi irin wannan karatu zai gaya muku cewa abin da ke hana mutum yankewa a tsakiya shi ne mai bibiyarsa, wanda yake tambayarsa ina aikin da aka ba shi. Saboda haka shawarata ita ce a daina kallon malami ɗaya, a kalli darasin tun daga inda ya tashi har inda ya sauka. A karrama mutum biyu tare, mai aikawa da mai karɓa, a matsayin aiki ɗaya. Kuma ina gargaɗi kan abu guda: kada a ɗauki sakamakon BEPC ko na bakaloriya, jarrabawar ƙarshen lise, shi kaɗai a ce shi ne shaida, domin aji yana iya cin jarrabawa saboda dalilai goma da ba su shafi waya ba. A je a duba kayen yara, a ga ko abin da aka koyar daga nesa ya shiga cikinsu da gyaran malami a kai.

Daraktan firamare (Abalak):
Assalamu alaikum. Saƙonninku sai yau suka shigo mini gaba ɗaya, wanda shi kansa amsa ce ga wani ɓangare na gardamar. Ina so in tuna wa zaure cewa a arewacin jiharmu, wajen Tiliya, da kuma jihar Tilaberi inda ɗaruruwan makarantu suka rufe saboda rashin tsaro, maganar karatu daga nesa ba ado ba ce. Akwai yaran da iyayensu suka taso da su suka zo garuruwa irin namu, an zuba su a azuzuwan zana, wasu sun yi shekara ba su riƙe biro ba, wasu kuma Tamajak ko Fulatanci kawai suke ji. Akwai kuma ƴaƴan makiyaya da suke tafiya da dabbobi idan damina ta sauka. Abin da yake kai wa waɗannan shi ne rediyo, da katin waya da ake zuba darussa a ciki a kunna a ƙaramin akwati mai batir. Na san malamin da yake zuwa gidan rediyon gari ya karanta darasi da harsuna biyu ba a biyansa ko kuɗin mai. Idan takardarku ta ce bidiyo kawai, to ku rubuta a samanta cewa ta mutanen bakin kwalta ce.

Hajiya Darakta (koleji, Yamai):
Malam na Abalak, maganarka ta shiga. Ina ganin a bar wa bidiyo kai tsaye gurbi ɗaya cikin ukun, domin hujjar malamin fizik tana da ƙarfi kuma ba na so mu kashe gwiwar masu ƙoƙarin, musamman yanzu da intanet ta tauraron ɗan adam irin ta Starlink ta shigo ƙasar, wadda wataƙila nan gaba za ta kai inda rezon waya bai kai ba, ga makarantar da ta sami mai biya mata. Sauran biyun a buɗe su ga murya da rediyo da duk abin da ya kai darasi inda malami bai kai ba.

Sai kuma maganar abin da za a bayar, wadda ba wanda ya taɓa. Na ga takardun yabo da yawa a rataye a bango, an sa su a gilashi, mai su kuma yana cin bashin kuɗin mota ya koma ƙauyensa bayan biki. Ban raina takarda ba, tana da amfani a cikin dosiyen ma'aikaci, musamman idan hukuma ce ta sa mata hannu. Amma jihar da take da tashar hasken rana ta megawat 7 a Malbaza tun 2018 ba ta rasa sanin amfanin rana ba. Farantin hasken rana ɗaya da batir da lasifika mai kyau za su canza aikin ƙanenmu na Keita fiye da kowace takarda.

Malamin kwantaragi (wani ƙauye, yankin Keita):
Hajiya, Allah ya biya ki. Sai dai in an ba da kayan, a fayyace tun farko na wa ne. Mu ƴan kwantaragi ana iya ɗauke mu a kai wani gari a kowace shekara. Idan na malami ne, ranar da ya tashi yaran sun koma duhu. Idan na makaranta ne, na taɓa ganin inda aka kawo irin waɗannan kaya, aka kulle su a ofis don gudun ɓarayi, har batirin ya mutu ba a kunna shi sau goma ba.

Tsohon Inspekta (mai ritaya, Tawa):
Ɗana, a ba makaranta, a rubuta a littafin kayanta a gaban kwamitin iyaye, amma mabuɗi ya zauna a hannun malamin da yake aiki da su, kuma idan an ɗauke shi ya miƙa wa wanda ya koya wa aikin, ba wanda ya fi shi muƙami ba. Wannan ma ya kamata ya shiga ma'auni: wa ka koya wa? Malamin da ya yi shekara uku yana darasi daga nesa, bai nuna wa abokin aikinsa ko ɗaya yadda ake yi ba, ni ban ga abin da ya yaɗa ba. Shi kuwa malamin, a ba shi takardarsa da ɗan abin da zai sa a aljihu, a kuma biya masa kuɗin da ya kashe na mega gwargwadon iko, domin bashi ne a kanmu kafin ya zama kyauta.

Malamin fizik (lise, Tawa):
Na yarda da haɗa mai aikawa da mai karɓa. Na kira malamin tarihin da na ambata ɗazu, ya ce tun bara yana sayen megar ne da kuɗinsa, wani lokaci yaran su haɗa dala-dala su cika masa. Idan sunana ya shiga, to da nasa zai shiga, in ba haka ba a cire nawa. Amma ban janye maganata kan gurbin bidiyo kai tsaye ba, kuma ina so a rubuta cewa sai an tabbatar yara suna iya yin tambaya a amsa musu a cikin darasin, ba malami ya yi ta zuba shi kaɗai ba.

Sakataren ƙungiya (Tawa):
Na rubuta duka, kuma zan kai wa kwamiti ranar Asabar. Abu biyu ne suka rage mini da ban ga wanda ya warware su ba. Na farko, wa zai je ya duba kayen yara a Keita da Abalak da Ƙonni, alhali makarantu suna hutu har ƙarshen Satumba, kuma asusunmu bai fi ƙarfin kuɗin man babur ba? Na biyu, 5 ga Oktoba tana faɗawa daidai makon komawa makaranta, lokacin da malamin ƙauye yake neman ƴan zana da itacen kafa aji, kuma kun tuna a 2024 sai da ambaliya ta sa aka ɗage komawar har 28 ga wata. Ban san ko waɗanda muke son karramawa za su iya barin ajinsu su zo Tawa ba.

Malamar lissafi (koleji, Ƙonni):
Na Ƙonni da Malbaza ku bar mini, ina da ɗalibai a unguwa, zan karɓi kayensu in ɗauki hoto in turo. A sanar da ranar 5 ga wata sunayen kawai, a kai kayan daga baya.

Tsohon Inspekta (mai ritaya, Tawa):
Na Keita kuma nawa ne, ina da ɗa mai mota da yake bin hanyar ranar kasuwa. Ɗana na kwantaragi, ka aiko wa Sakatare sunan ƙauyen da kwatancen inda ake sauka daga babbar hanya, kuma ka gaya wa shugaban iyayen yara ya tara mini kaye goma, ba na masu ƙoƙari kaɗai ba, har da na waɗanda suke zama a layin baya. Ina so in hau tudun nan da ƙafata in ga inda rezon yake kamawa, in gwiwa ta bari.